An shuka kunnen ɓera a ɗakin bincike: Shin maganin kurumta ya samu ke nan?



Mahaifina ne dalilin wannan rubutu. Sama da shekara 30 yana fataucin shanu, yana ɗauko su daga kasuwannin Arewa yana saukewa a Oko-Oba da ke Agege. A 'yan shekarun nan jinsa ya ja baya sosai. Da farko mun ɗauka shagala ce irin ta manya, sai ranar da dillali ya matso ya ce masa an taya sa bakwai da hamsin, shi kuma ya ji takwas da hamsin, ya ce ya sallama. Da aka zo ƙirga kuɗi sai rigima ta tashi, sai da dattawan kara suka shiga tsakani. Tun daga ranar duk cinikin da zai yi ina tsaye kusa da shi.

Ba a jima ba wani mutum ya zo mana da garin magani a 'yan ƙananan ledoji, ya ce sunansa "sitem sel". Ya ce wa Baba: "Alhaji, yanzu Turawa har kunne suke shukawa a kwalba. Ka sha wannan wata uku, jijiyar kunnenka za ta tsiro sabuwa." Ya buɗe waya ya nuna mana labarin wasu masana a Amurka da suka haɗa kunnen ɓera a ɗakin bincike. Kuɗin da ya yanka kuwa ya kai na ɗan maraƙi.

Na ce wa Baba ya dakata in bincika tukuna. Na yi makonni ina karatu a waya, na kuma yi wa likitar da ta duba shi tambayoyi har sai da ta yi dariya. Abin da na gano shi ne, labarin kunnen ɓeran gaskiya ne, amma abin da mai garin ya ɗora a kai ƙarya ce. Ga bayanin dalla-dalla, don na san ba mu kaɗai ake zuwa wa da irin wannan ba.

Yadda kunne yake ji

Wannan kunnen da muke gani a waje mazurari ne kawai, aikinsa tara sauti. Sautin yana bi ta rami ya bugi dodon kunne, wata 'yar fata mai kama da fatar ganga. Bayanta akwai 'yan ƙasusuwa uku, na ukun shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ne ke miƙa girgizar zuwa kunnen ciki.

Kunnen ciki yana binne a cikin wani ƙashi na ƙoƙon kai wanda yana cikin mafiya tauri a jiki. Duk wanda ya taɓa fasa kan sa ya san wurin nan na gindin kunne da gatari ke tsalle a kansa. To a irin wannan wurin aka ɓoye shi. Yana da ɓangare biyu. Na farko wani bututu ne da ya naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, shi ne na ji. Na biyu wasu bututu uku ne masu lanƙwasa da 'yan jakunkuna biyu, su ne ke riƙe daidaiton jiki. In sun samu matsala sai mutum ya yi ta jiri, ya ga ƙasa tana juyawa.

Jikin duk mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, wato 'yan tubala ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin katantanwar nan akwai wasu na musamman, kowace da tunkun gashi a kanta. In ruwan ya motsa, gashin ya kwanta, sai ƙwayar ta aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan saƙon shi ne ji. A kowane kunne akwai kimanin 3,500 a layin ciki, da kimanin 12,000 a layuka uku na waje. Na layin ciki su ke kai saƙo, na waje su ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Kuma kowace da wurinta. Na bakin katantanwa su ke jin siririn sauti, na can ƙurya su ke jin mai kauri. Na bakin su suka fi saurin lalacewa, shi ya sa mai wannan matsala yake jin muryarka amma "s" da "sh" da "f" da "ts" su ɓace masa. Ka ga yadda bakwai ta zama takwas a kunnen Baba. Ya ji an yi magana, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da take so.

Kaza ta fi mu a nan

Babbar matsalar ita ce, waɗannan ƙwayoyi masu gashi tun mutum yana ciki ake yin su, a watannin farko, kuma iyakarsu ke nan. Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, amma ƙwayar gashin katantanwa in ta mutu ba ta da magaji. Haka abin yake ga mutum, da saniya, da ɓera, da sauran dabbobi masu shayarwa.

Amma a 1988 wasu rukuni biyu na masana a Amurka suka nuna cewa tsuntsaye ba haka suke ba. Ɗan tsako in ƙara ta kashe masa ƙwayoyin gashi, cikin 'yan makonni sababbi suke fitowa, jinsa ya dawo. Ƙwayoyin da ke kewaye da su, waɗanda ake kira masu tallafi, su ne ke rikiɗa su maye gurbin. Kifi ma haka yake yi. Mu ma muna da masu tallafin nan, sai dai namu ba sa rikiɗa. Daga nan tambaya ta taso: wane umarni ne jikin kaza yake bayarwa wanda namu ya daina? Kafin a amsa wannan, dole a san yadda ake gina kunne tun daga farko.

Me ya sa ɓera?

Ba za ka buɗe kan mai rai ka yanko kunnen cikinsa don ka duba ba, in ka yi haka ka kurumtar da shi. Don haka aka koma kan ɓera. Tsarin kunnen cikinsa kusan ɗaya ne da namu: katantanwa, layi ɗaya na ciki, layuka uku na waje. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne kacal, ba kamar saniya mai wata tara ba. Sannan ana haihuwar ɗan ɓera bai fara ji ba, sai ya yi kamar kwana 12 zuwa 14 a duniya. Wato wani ɓangare na ginin kunnen da mutum yake gamawa a ciki, shi ɓera a waje yake ƙarasa shi, inda za a iya bin sa kullum.

Mu da muka tashi a mayanka mun saba ganin ɗan tayi in an yanka saniya mai ciki, wani kamar yatsa, wani har ya yi gashi. Mun san gaɓoɓi ba rana ɗaya suke fitowa ba. Kunnen ciki yana farawa ne da ɗan kauri a fatar gefen kan tayi, a ɓera wajen kwana na takwas zuwa tara. Sai wurin ya lotsa ciki kamar an danna ƙullu da yatsa, ya rufe ya zama 'yar jaka. Daga wannan 'yar jakar katantanwa da bututun daidaito duk suke fitowa.

Hanya ta farko: a yanko a raina

Tun farkon shekarun 1970 masana suka fara ciro wannan 'yar jakar daga tayin ɓera suna sa ta a faranti. Ana zuba mata ruwa mai sukari da gishiri da sauran abincin da ƙwaya take buƙata, a ajiye a cikin wani akwati mai ɗumin jiki, digiri 37. Sai aka ga ta ci gaba da girma a wajen uwa, har ƙwayoyin gashi suka fito. Daga baya aka ƙware wajen ɓare katantanwar ɗan ɓera sabon haihuwa a shimfiɗa ta a faranti, ta yi kwanaki da rai ana kallonta a madubi.

Wannan hanya ta koyar da abubuwa da yawa, kuma har yau ana amfani da ita. Amma tana da iyaka. Abin da ake samu daga ɓera ɗaya kaɗan ne ƙwarai, ɓare shi aiki ne na mai haƙuri, kuma kowane gwaji sai an kashe wasu ɓerayen.

Hanya ta biyu: a gina daga tushe

Nan ne "sitem sel" na gaskiya ya shigo. Bari mu kira su ƙwayoyin tushe. A kwanakin farko na tayi, kafin a san ina kai ina ƙafa, akwai 'yan ƙwayoyin da ba su zama komai ba tukuna, amma kowace za ta iya zama komai: fata, jini, ƙashi, jijiya. A 1981 aka fara ciro irinsu daga tayin ɓera ana rainonsu a faranti, suna hayayyafa ba tare da sun rikiɗa ba. Tambayar ita ce, yaya za ka gaya musu su zama kunne?

A 2010 ɗakin binciken Stefan Heller a Jami'ar Stanford ya samu ƙwayoyi masu kama da na gashi daga ƙwayoyin tushen ɓera, a shimfiɗe a faranti. Amma aikin da ya yi suna, wanda kuma mai garin ya nuna mana, shi ne na Jami'ar Indiana, wanda Karl Koehler ya yi a ɗakin binciken Farfesa Eri Hashino, aka buga a mujallar Nature a 2013. Dabarar sun ɗauko ta ne daga wani masani ɗan Japan, Yoshiki Sasai, wanda a 2011 ya nuna cewa in ka bar ƙwayoyin tushe suka dunƙule suna yawo a ruwa, maimakon a manna su a faranti, da kansu za su tsara farkon ido. Su kuma suka ce bari su gwada da kunne.

Ga yadda suka yi a taƙaice. Sun ɗauki faranti mai ramuka 96, suka zuba ƙwayoyin tushe kimanin 3,000 a kowane rami. Cikin kwana ɗaya suka haɗu suka zama ɗan dunƙule. Aka ƙara wani abu mai yauƙi da ake kira Matrigel, wanda ke ba ƙwayoyin waje abin kamawa su jeru kamar fata. Wani abin da ya ba ni mamaki a matsayina na ɗan mai shanu: ɗakunan bincike da yawa a duniya da ruwan jinin ɗan tayin saniya suke ciyar da ƙwayoyinsu. Amma a wannan aikin an guje shi, domin abin da ke cikinsa yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba, su kuma suna son su san kowane saƙo da ya isa ga ƙwayoyin.

Domin duk aikin saƙo ne. A cikin tayi, ƙwayoyi suna aika wa juna sinadarai, wannan ya ce "ki zama fata", wancan ya ce "ki zama jijiya". A rana ta uku sai aka zuba sinadarin BMP4, mai umarnin a zama fatar waje, tare da wani mai toshe hanyar zama tsoka da ƙashi. Tsakanin rana ta huɗu da ta biyar sai aka kashe wancan umarnin na farko, aka zuba wani mai suna FGF2, wanda ke sa fatar ta yi kauri irin na gefen kan tayi. A rana ta takwas aka mayar da dunƙulen cikin wani ruwan, aka bar shi yana yawo.

Daga nan ba su ƙara tsara komai da hannu ba. 'Yan jakunkuna suka fara tsirowa da kansu, irin jakar nan ta tayi. Kafin kwana 20 an samu ƙwayoyi masu tunkun gashi a jere a cikinsu, ga masu tallafi a gefensu, ga kuma jijiyoyi sun miƙo sun haɗu da su. Da aka gwada su da na'urar auna lantarki, sai suka nuna hali irin na ƙwayoyin kunnen gaske.

Sirrin yana ga lokaci. Sinadari ɗaya in ka sa shi da wuri ko a makare, wani abu daban zai fito. Kamar mai dama kunu ne, gari ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, amma in ba ka san lokacin zuba kowanne ba sai ya tsinke ko ya yi gudaji. Har ma a cikin irin waɗannan dunƙulen aka ga fata mai gashi ta tsiro a gefe, abin da ya sa Koehler ya buɗe wani bincike daban na shuka fata.

Abin da ya fito da abin da bai fito ba

Nan ne ya kamata mu nutsu, don nan mai garin ya tsallake. Abin da ya fito ba kunne ba ne irin wanda kake tunani. Ɗan dunƙule ne da bai fi ƙwayar gero ko dawa ba. Ba shi da dodon kunne, ba shi da ƙasusuwa uku, ba shi da naɗin katantanwa, ba ya haɗe da ƙwaƙwalwa. Ba ya jin komai. Kuma ƙwayoyin gashin da suka fito a 2013 irin na ɓangaren daidaiton jiki ne, ba na ɓangaren ji ba.

An ci gaba daga nan. A 2017 su Koehler da Hashino suka maimaita aikin da ƙwayoyin mutum, ya ɗauki kusan wata biyu kafin gashi ya fito. Ba lallai sai da tayi ba ma, domin tun 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya gano yadda za a mayar da ƙwayar jikin babba ta koma ta tushe, abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2012. A 2023 kuma ɗakin binciken Hashino ya ba da rahoton samun ƙwayoyin gashi irin na katantanwa daga ƙwayoyin mutum. Ka lura, shekara goma aka yi tsakanin samun na daidaito da samun na ji.

To me zai hana a ɗebo su a zuba a kunnen kurma? Abu uku. Na ɗaya, katantanwa a rufe take cikin ƙashi, shiga cikinta kaɗai na iya lalata ragowar jin. Na biyu, ruwan da ke cikinta yana da sinadarin fotashiyam da yawa, baƙuwar ƙwaya in ta faɗa ciki ba ta daɗewa. Na uku, kowace ƙwaya dole ta zauna a layinta, gashinta ya fuskanci inda na sauran ya fuskanta, ta kuma haɗu da jijiyarta. Ba kamar zuba shanu a tirela ba ne, inda kowa ya tsaya ya yi.

To mene ne amfaninsa?

Amfaninsa babba ne, amma na bincike ne. Na farko, yanzu ana iya kallon ginin kunne mataki-mataki, a ga wane umarni ke kunna ƙwayar gashi. An riga an san wani umarnin gado mai suna Atoh1, wanda a 1999 aka nuna cewa ɓeran da ba shi da shi ba ya yin ƙwayar gashi ko ɗaya. Na biyu, ana iya sa wa dunƙulen irin lahanin da ke jawo kurumtar gado, a ga daidai inda ginin yake lalacewa. Na uku, ana iya gwada magunguna da yawa a faranti, a ga wanne ke kashe ƙwayar gashi, wanne ke kare ta, ba tare da an taɓa mutum ba.

Amma daga faranti zuwa asibiti tafiya ce mai nisa. A 2017 wasu masana a Boston suka nuna yadda za a sa ƙwayoyi masu tallafi daga katantanwar ɗan ɓera su hayayyafa a faranti su ba da dubban ƙwayoyin gashi. Wani kamfani a jihar Massachusetts ya haɗa maganin da ake allurarsa ta dodon kunne bisa wannan fahimta, aka zuba kuɗi masu yawa, mutane suka sa rai. A farkon 2023 kamfanin da kansa ya sanar cewa waɗanda aka ba maganin ba su fi waɗanda aka ba na bogi samun sauƙi ba, ya dakatar da shi.

Akwai kuma labari mai daɗi. A watan Janairun 2024 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga aikin da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin kan yara shida da aka haifa kurame saboda lahani a umarnin gado mai suna OTOF. An yi musu allurar gyararren umarnin a cikin kunne, biyar suka fara ji. Shi ma a kan ɓera aka fara gwada shi. Sai dai su waɗannan yara ƙwayoyin gashinsu suna nan da rai, abu ɗaya ne ya rasa a cikinsu. Wannan ba zai yi wa wanda ƙara ko tsufa ko allura ta kashe wa ƙwayoyi aiki ba.

Mu koma kan mai garin

Yanzu ka auna da kanka. Ƙwayar tushe abu ce mai rai, sai a ɗumin jiki cikin ruwa na musamman take rayuwa, ko a daskare cikin sanyi mai tsanani. Ta yaya za ta rayu a busasshen gari cikin leda, a jakar ɗan talla, a ranar Legas? Ko da ta rayu, in ka sha ta cikin ciki za ta shiga ta narke kamar nama. Ko da ba ta narke ba, wa zai kai ta cikin ƙashin kunne, ya ba ta umarnin rana ta uku da ta biyar? Abin da masana suka yi shekara da shekaru suna fama a faranti, shi ne wani zai ce ya kammala shi a leda. Har yanzu babu maganin sha, ko na ɗigawa, ko na shafawa da aka tabbatar yana dawo da ƙwayar gashin da ta mutu.

Abin da ke hannunmu

Darasin da na ɗauka daga kunnen ɓera shi ne, abin da muke da shi a cikin kai yana da wuyar ginawa, don haka a kula da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum sama da biliyan 1.5 ke da raunin ji, miliyan 430 daga ciki nasu ya kai na buƙatar taimako. Ga abubuwan da suka shafe mu kai tsaye.

Ƙara. Ana auna ta da desibel. Hira ta yau da kullum kamar 60 ce. A 85 awa takwas ne iyakar abin da ya kamata ma'aikaci ya yi a rana, kuma duk ƙarin uku sai lokacin ya ragu da rabi, har a 100 ya koma minti 15. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsayin hannu da kai ya ji ka, wurin yana cin kunnenka. Masu injin markaɗe da niƙa, masu saran ƙarfe a wurin bola, masu kwana kusa da janareta, 'yan acaba da ke sa abin kunne su ƙure waƙa, duk da ku nake. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada. In ka tashi aiki kana jin kunnenka yana kuka "ziii", gargaɗi ne.

Allura. Akwai dangin magungunan kashe ƙwayar cuta irin su jantamaisin, sitiraftomaisin da kanamaisin. Mu masu shanu mun san sunan sitiraftomaisin a jikin kwalbar allurar dabbobi. Suna ceton rai in likita ya auna ya bayar, amma suna shiga cikin ƙwayar gashi su kashe ta in an wuce ƙima ko an daɗe ana yi, kuma wannan kurumtar ba ta warkewa. A daina zuwa kemis a ce "a yi mini allura mai ƙarfi". Wanda likita ya rubuta wa kuma, in ya fara jin kukan kunne ko jiri, ya koma ya faɗa, kada ya yi shiru.

Zazzaɓi. Sanƙarau yana barin kurumta, mun san wannan a Arewa, haka ƙyanda. A kai yara rigakafi. A nan kudu kuma, musamman jihohin Ondo da Edo, akwai zazzaɓin Lassa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga jinyarsa suna samun matsalar ji. Shi kuma ɓera ne ke kawo shi, wani jinsi na gida da daji, ba irin na ɗakin bincike ba. A rufe abinci, a daina shanya shi a ƙasa inda ɓera ke bi.

Gwaji. Ba kowane rashin ji ne mutuwar ƙwayar gashi ba. Wani dattin kunne ne ya toshe, wani ruwa ne ya taru bayan dodon kunne, wani miki ne, kuma duk waɗannan ana magance su. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne zai bambance. Akwai sashensu a asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba, UCH a Badun da UPTH a Fatakwal, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A daina ɗiga manja, man juyi ko ruwan ganye, a daina sosa da tsinken ashana ko gashin kaza. Wanda kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ya tafi asibiti a ranar, domin kwanakin farko su ne ake da damar ceto shi. Jariri kuma in ba ya firgita da ƙara, ko ya kai wata shida ba ya juyowa in an kira shi, a kai shi a duba.

Shi Baba, gwajin ya nuna nasa na cikin katantanwa ne, shekaru da ƙara suka haɗu. Likita ta ce ba zai dawo ba, amma na'urar ƙara ji za ta taimaka wa ƙwayoyin da suka rage. Ya yi ta jan ƙafa, yana cewa 'yan kara za su ce ya tsufa. Na ce: "Baba, ai tabarau ma kuna sawa, ba wanda ya ce komai." Kuɗin da za mu ba mai gari muka cika muka sayi na'urar. Ba ta mayar da shi kamar da ba, a cikin hayaniyar kasuwa har yanzu yakan ce a maimaita. Amma yanzu shi yake cinikinsa da kansa, ni kuma na koma riƙe igiya.

Wataƙila wata rana aikin da aka fara da ɓera ya kai ga jikokinmu su samu allurar da za ta tsirar da sabuwar ƙwayar gashi. Kafin nan, duk wanda ya zo muku da leda yana nuna hoton kunnen ɓera, ku tambaye shi a wane asibiti aka gwada nasa, a kan mutum nawa. Ku tura wa iyaye da 'yan uwa wannan bayani, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya kare mana jinmu da ganinmu.